Tafin Hannun Yaya a Kan Kwamfuta

Yayata ba ta ji. Na faɗa tun yanzu ne don kada a yi nisa wani ya fara yi mini fuskar tausayi, domin ita ba ta son tausayi, ni kuwa na fi ta ƙinsa. Zazzaɓi ne ya tafi da jinta tun tana rarrafe, kafin ma a haife ni. Tela ce. Shagonta na nan a jerin shagunan da ke bayan tasha, tsakanin mai sayar da kayan lantarki da mai wanki da guga. Idan ka ga riga ta zauna a jikin mace kamar da ita aka haife ta, kada ka wahalar da kanka da tambaya, daga hannun Yaya ta fito.

Ni ce bakinta tun ina ƙarama. Da hannu muke magana a gida, kuma Inna ta ce na iya maganar hannu kafin in iya ta baki. Duk inda Yaya za ta, ina biye: kanti, asibiti, gidan maƙwabta. Ta yi da hannu, in faɗa da baki. Ta sa mini suna Aku, alamar sunan kuwa ita ce ta haɗe yatsu tana buɗewa tana rufewa kamar bakin tsuntsu. Har yau 'ya'yana idan suna son tsokanata, haka suke yi mini daga bayan ƙofa.

Amma Yaya ba ta taɓa yarda da ni ɗari bisa ɗari ba, kuma da gaskiyarta. Idan ina fassara, sai ta ɗora tafin hannunta a maƙogwarona. Ba ta jin abin da nake faɗa, amma tana jin tsawonsa da zafinsa. Wata rana mai kanti ya auna mana sukari da mugun hannu, Yaya ta zazzaga masa masifa da hannu biyu, masifar da za ta cika kwando. Ni kuwa, don kunya, na ce, "Wai ka ɗan ƙara." Ai kuwa sai na ji ranƙwashi a tsakiyar kai. Ta nuna maƙogwarona, ta nuna hannunta, ta ce, "Na yi magana mai tsawo, ke kin yi gajeriya. Ina sauran?" Dole na juya na faɗa wa mai kanti sauran, yana dariya yana ƙara sukari.

Da wannan tafin hannun ta koyi ɗinki. Matar da ta koya mata ta so ta ƙi karɓarta, wai tela da kunne yake sanin lafiyar keken ɗinki. Yaya ba ta yi musu ba. Ta zauna, ta taka keken, hannun hagu a kan ƙarfen. Ba a jima ba ta zama ita ce ke tsayar da sauran 'yan koyo tana cewa su canja allura, tun kafin allurar ta karye. Keke yana da rawar jikinsa ta lafiya, yana da ta ciwo, kuma ita ta san su duka. Tana da doka guda da ba ta karyawa: idan zare yana tsinkewa, abu ɗaya ake canjawa a gwada. A canja allura, a taka. Bai daina ba, a mayar da tsohuwar allurar, a canja zare, a taka. Wanda ya canja komai a lokaci guda, in ji ta, ko keken ya gyaru bai san me ya gyara ba, gobe ma zai dawo yana kuka.

Da ta buɗe shagonta, kullum na tashi daga makarantar da nake koyarwa, can nake wucewa. Mata su zo, su tsaya a gabanta, amma ni suke kallo. "Ki ce mata hannun ya yi tsawo." "Ki tambaye ta ko za ta iya wannan." Tana tsaye, ita mai shagon, ita mai almakashin, ana magana a kanta kamar ba ta wurin. Akwai wadda ta taɓa ce mini, "Ke ce dai mai ɗinkin ko, ita tana taya ki?" Wallahi ranar da ƙyar na riƙe bakina, ni da ko maɓalli ban iya sawa daidai ba. Yaya ta karanta abin a fuskar matar. Na ga yadda ta ajiye almakashi.

Daga baya ta sayi kwamfutar cinya, ta hannu, mai ɗan tsagu a gefen murfi. Wata ƙawarta daga makarantar kurame ta nuna mata wani shafi da ake buɗewa a burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. A shafin ana ganin juna ta bidiyo, kuma duk abin da mutum ya faɗa, sai ya fito a rubuce a ƙasan hotonsa. Yaya ta karanta, ta amsa da rubutu, ta ɗaga yadi ta nuna, ta zana wuyan riga da alli su gani. Waya ta yi mata ƙanƙanta, ba a ganin fuska da rubutu da yadi gaba ɗaya. Amma kwamfutar tana zaune daram a kan teburin yanka, hannuwanta biyu a sake. Ko wadda ta zo shago da ƙafarta, sai ta yi magana kwamfutar ta rubuta. Karo na farko a rayuwarta, masu kawo ɗinki suka fara kallon idonta.

Ranar da ta tabbatar abin ya zauna, ta kira ni, ta zaunar da ni, ta yi mini alamar Aku, sannan ta yi alamar buɗe keji. "Na sallame ki. Je ki yi wa mijinki surutu." Na yi dariya har da hawaye. Na yi mata murna ƙwarai, ko da yake, ba zan ɓoye ba, na yi kwanaki ƙafata tana kai ni hanyar shagon da kanta.

Haka aka yi shekaru, lafiya lau. Sai kwamfutar ta fara naci, kullum da saƙo: a sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da ita, tsohuwar ta kusa daina aiki. Yaya ta gaji da nacin, wata safiya ta danna amincewa, ta koma kan kekenta. Kafin azahar kwamfuta ta gama, ta fito da sabuwar fuska, launi mai kyau, komai tsaf. Ashe fitina ce ta yi kwalliya.

Burauza ta fara mutuwa. Ana cikin magana, sai allon ya daskare, ya yi fari, shafin ya ɓace ɗungurungum. Wani lokaci ta wuni ba ta yi ba. Wani lokaci ta yi a jere kafin a gama gaisuwa. Ba ta da lokaci, ba ta da dalilin da ido zai gani. Ga mai ji, wannan ɗan ɓacin rai ne, ya ɗauki waya ya kira. Ga Yaya kuwa, kamar a toshe mata kunne ne a tsakiyar zance. Wata mata tana cikin bayanin rigar 'yarta abin ya ɗauke, aka sake haɗawa ya sake ɗaukewa, daga ƙarshe ta rubuto, "Ba wani a kusa da zan yi magana da shi?" Yaya ta nuna mini saƙon ba tare da ta kalle ni ba.

Kuma abin ya zo a mummunan lokaci. Wata mai otal tana neman wanda zai ɗinka wa ma'aikatanta kayan aiki, daga masu tarbar baƙi har masu girki. Ta ga ɗinkin Yaya a jikin wata, ya burge ta, ta sa ranar da za su tattauna ta bidiyo a mako mai zuwa. An gaya wa Yaya cewa matar ba ta da haƙuri ko na sisin kwabo, kuma dama tana ɗari-ɗari da ba wa kurma babban aiki.

A gidan Inna aka yi zancen. Inna ta dube ni, ta dubi Yaya, ta yi maganar da kowace uwa za ta yi. Da hannu ta yi, a hankali, don tsufa ya fara taɓa yatsunta.

"Ga ƙanwarki. Ranar ta zauna kusa da ke, a kira matar a waya, ta faɗa miki, ta faɗa mata. Me ya yi zafi?"

Ni har na gyara zama. Na ce, "Ai shi ke nan, Yaya. Zan nemi izini a makaranta."

Yaya ta girgiza kai.

Nan fa zuciyata ta hau. Ni dama ba a taɓa yabona da sanyin hali ba. Na ce, "Haba Yaya! Girman kan me? Aikin zai wuce ki saboda taurin kai? Ni baƙuwa ce?" Hannuwana har karo suke da juna don sauri.

Ta bari na gama tas. Sannan ta ce, "Idan kika zauna kusa da ni, wa za ta kalla?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Ke za ta kalla. Gobe in tana da ƙorafi, ke za ta nema. Jibi ta gaya wa ƙawayenta akwai wata malamar makaranta mai ɗinki, tana da kurma da ke taya ta. Na riga na fita daga wannan ɗakin, Aku. Ba zan koma ba."

Inna ta share ido da bakin mayafi. Ni kuwa na tashi na shiga kicin ina buga kwanuka, abin da ba ya damun Yaya ko kaɗan tunda ba ji take ba.

Duk da haka ta yarda na raka ta wurin mai gyaran kwamfuta. Mutumin kirki ne, mai furfura a gemu, shagonsa cike da gawarwakin kwamfutoci har rufi. Ya kunna, ya buɗe burauza, ya shiga nan ya shiga can. Kwamfutar nan, munafuka, ta yi lafiya lau kamar ba ita ba. Ya yi murmushi ya ce, "Irin ciwon nan ne da ke warkewa a ƙofar asibiti." Ya ce zai iya goge komai ya zuba sabo, amma ba zai yi mana alkawari ba, tunda bai ga ciwon da idonsa ba, ana iya gogewa ya dawo. Abin da ya fi, in ji shi, a lura da abin da ke faruwa dab da mutuwar. Ya nuna wa Yaya inda ake kashe ƙananan manhajojin da aka liƙa wa burauza, da inda ake share tarkacen da take tarawa. Abin da ya sa na ji ya kwanta mini, duk bayanin nan ita yake kallo, ba ni ba.

Da muka fito Yaya ta ce, "Zare ne ke tsinkewa." Ta ɗaga yatsa ɗaya. Na gane nufinta.

Sai ta mai da kwamfutar keke. Ta kashe ƙaramar manhaja guda, ta yi aiki da ita. Ta mutu. Ta mayar da wannan, ta kashe ta gaba. Ta mutu. Ta share tarkace. Ta mutu. Ta sauko da wata burauza daban, aka yi rabin wuni lafiya har na fara guɗa, ita ma ta faɗi. Yaya ba ta ji haushin wannan ba, har wani daɗi ta ji. Ta ce, "To, ba allurar ba ce. Na canja allura, zare bai daina tsinkewa ba. Ciwon yana cikin keken."

Ni duk wannan ya ishe ni. Na leƙa shagon wata la'asar na same ta ta ture ɗinki gefe, ta zauna gaban kwamfuta, tafin hannunta na hagu shimfiɗe a gefen madannai, tana buɗe shafuka da na dama. Na ce, "Yau kuma duba ake yi mata?" Ta harare ni, ta nuna mini kujera.

Ta buɗe wani shafi mai rubutu zalla. Muka zauna. Ba abin da ya faru. Ta buɗe wani na masu sayar da yadi. Can sai na ga girarta ta ɗaga. Ta ɗago hannun dama ta ce, "Yanzu." Kafin in ce me, allo ya daskare, ya yi fari, shafi ya ɓace.

Na ce, "Kai! Ya aka yi kika sani?"

Ta kamo hannuna ta ɗora inda nata yake, ta sake buɗe shafin. Da farko ban ji komai ba. Sai can na ji wata 'yar rawa siririya a ƙarƙashin tafina, da ɗumi yana tasowa. Fankar da ke cikin kwamfutar ce ta tashi da gudu. Ƙarar tata ba ta kai ta injin mai wanki da guga da ke maƙwabtaka ba, shi ya sa ni mai kunne ban taɓa lura ba. Amma hannun da ya yi shekaru a kan keke ba ya kuskuren irin wannan.

Ta ce ta lura fankar ba ta tashi sai akwai abin da ke motsi a allo. Bidiyo, ko da ba ita ta kunna ba. Ta nuna mini can ƙasan shafin masu yadi: wata 'yar talla ce, ba ta fi akwatin ashana ba, takalmi yana juyawa a ciki. Shi ya sa muka ɗauka abin ba shi da kan gado. Shafin da ka gani shiru, ashe akwai mai rawa a lungunsa. A shagon mai gyara kuwa shafukan rubutu ya yi ta buɗewa.

Na miƙe na ce, "Tashi mu je wurinsa!"

Ta ce, "Zan je." Ta nuna ƙirjinta, ita kaɗai.

Abin da ya faru a can, daga bakin mai gyaran na ji, don washegari sai da na bi ta shagonsa, wai ina neman cajar waya. Ya ce ta shigo, ta ajiye kwamfuta, ta nuna masa inda zai sa hannu, ta buɗe shafi mai rubutu, sannan ta buɗe mai takalmi. Da fankar ta tashi a ƙarƙashin hannunsa allo ya yi fari, ya ce sai da ya yi salati. Ya rubuta mata bayani a waya: akwai ɓangaren da aikinsa zana hoto mai motsi, burauza takan miƙa masa wannan aikin don sauri, to shi da sabuwar manhajar ne ba sa ga maciji. Da an miƙa masa aiki sai ya rikice, ya ja burauza su faɗi tare. Magani biyu ne: a hana burauza miƙa masa aikin, ko a sabunta 'yar manhajar da ke sarrafa shi. Ya kai hannu zai yi duka biyun, ta riƙe masa hannun riga, ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Malama," ya ce mini yana dariya, "yayarki ta sa na yi aiki yadda aka koya mini tun farko. Ɗaya muka yi, muka gwada. Kuma ita ta danna da kanta, ta ce in nuna mata wurin kawai, don gaba."

Na ce, "Ai haka take." Na fito ina tafiya kamar ni na haife ta. Cajar ma ban saya ba.

Ranar ganawa da mai otal ban nemi izini a makaranta ba, amma ana tashi na tsinci kaina a bayan tasha da wani yadi a jaka, wanda ya shekara a akwatina. Na ce wa kaina awo na zo. Na tarar har sun fara. Yaya ta ga shigowata, ta nuna mini benci can baya da ido, irin kallon da ke cewa in kika yi tari sai na yanka ki.

Na zauna. Daga inda nake ina hango matar a allo, da tabarau a kan hanci, magana take kamar ana korarta, rubutu yana bin ta a ƙasa. Yaya tana karantawa, tana amsawa, ta ɗaga wani yadi ta murza shi a gaban kyamara don a ga ba ya tamoji, ta zana aljihun mai girki da alli ta nuna dalilin da ya sa bai kamata ya zauna a gaba ba. Hannunta na hagu kuwa, duk lokacin da ya samu sarari, yana komawa gefen madannai. Ni ma idona a kan hannun yake. Ina jiran in ga girar nan ta ɗaga.

Ba ta ɗaga ba.

Matar ta cire tabarau, ta matso kusa da allo, ta yi wata tambaya a kan wuyan riga. Yaya ta amsa. Matar ta yi dariya, dariyar gaske, ta ce a fara da na masu tarbar baƙi. Har za su yi sallama sai ta hango ni. Na ji da kunnena ta ce, "Wace ce wancan a bayanki? Ita ce mai taimaka miki?"

Yaya ta karanta. Ta waiwayo ta dube ni sama da ƙasa, ta juya ta rubuta. Na miƙa wuya na karanta: "Ƙanwata ce. Awo ta zo, tana jiran layi."

Ta rufe kwamfuta, ta ɗauko tef ɗin awo daga wuyanta, ta ce in tashi. Ta karɓi yadin ta jujjuya, ta taɓe baki, ta ce wannan ko labule ba ta yi da shi, amma tunda na kawo. Ta auna kafaɗa, ta auna hannu. Ni dai na ƙame ina kallon rufi, ina ta haɗiye abin da ya tokare ni, don na rantse ba za ta ga hawayena ba.

Da ta zo awon wuya, sai ta saki tef ɗin. Ta shimfiɗa tafin hannunta a maƙogwarona, daidai inda take sawa muna yara. Ta ɗan jima a haka. Sannan ta janye hannun, tana murmushi, idonta ita ma ya kawo ruwa.

"Aku," ta ce, "fankarki ta tashi."